SANDAN KORA BA SHI DA UBANGIDA

Cikin dokokin da gwamnatoci ke aiki da su, babu wadda jama'a suka fi rainawa kamar dokar shige da fice. Galibin mutane sun ɗauka aikin ofis ne kurum: akawu ya duba fasfo, ya buga hatimi, matafiyi ya ɗauki kayansa ya wuce. Amma duk wanda ya bi labarin shekarun nan da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, watau daga 1945 zuwa wajen 1970, zai ga a bakin wannan ƙofa aka yi babban sashe na kokawar neman 'yanci. Da wannan doka aka riƙa toshe bakin masu faɗar abin da mahukunta ba su so. Da ita aka raba mutane da ƙasar da suka girma a ciki. Da ita kuma Ingila ta janye alkawarin da ta yi wa talakawan ƙasashen da ta mallaka. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne, sa'ad da Turawa suka naɗe tabarmarsu sun bar sandan a jingine, shugabannin Afirka suka zo suka ɗauka.

Ra'ayinmu a kan wannan magana guda ne. Kada a ba wani minista ikon fid da mutum daga ƙasa saboda ra'ayinsa na siyasa, kada kuma a kori kowa sai ya tsaya gaban alƙali an ji ta bakinsa. Ga hujjojinmu.

Bari mu fara daga Ingila, gama daga can zaren ya taso. A watan Oktoba na 1945 aka yi babban taron baƙar fata, karo na biyar, a birnin Mancesta. Cikin waɗanda suka halarta akwai Kwame Nkrumah, da Jomo Kenyatta, da Hastings Banda, da George Padmore mutumin Tirinidad, da dattijon nan na Amurka, Dokta W.E.B. Du Bois. Abin da suka nema a fili shi ne mulkin kai. Da a Akra ko a Nairobi suka so yin taro irin wannan, da sai abin da gwamna ya ga dama. A tsakiyar Ingila kuwa ba wanda ya tare su, domin a lokacin nan talakan Sarkin Ingila, ko daga ina ya fito, yana da ikon shiga ƙasar ya zauna.

A 1948 Majalisar Dokokin Ingila ta ƙara ƙarfafa wannan al'ada da dokar zama ɗan ƙasa, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 1949. Bisa ga dokar, wanda aka haifa a Ikko, da wanda aka haifa a Jamaika, da wanda aka haifa a Landan, duk sunansu ɗaya a takarda: 'yan ƙasar Ingila da ƙasashen da ta mallaka. Mutanen Arewa ba su shiga wannan sahu ba, gama a takarda ƙasarsu ƙasar kariya ce, sai aka ba su wani suna dabam, watau waɗanda Ingila ke karewa. Me ya sa Ingila ta yi wannan kyauta? Indiya da Pakistan sun sami 'yanci a 1947, Kanada kuma ta riga ta yi tata dokar zama ɗan ƙasa, saboda haka Ingila na neman igiyar da za ta ɗaure sauran daular da ita. Ban da wannan, yaƙi ya cinye mata maza ya rushe mata birane, tana bukatar hannuwa. Ran 22 ga Yuni, 1948, ɗaruruwan mutane daga tsibiran Karibiyan suka sauka daga jirgin ruwa mai suna Empire Windrush a tashar Tilbiri, da dama cikinsu tsofaffin sojojin Sarki ne. Asibitocin gwamnati suka ɗebi mata masu jiyya daga can, hukumar motoci da jiragen ƙasa ta Landan kuma har tsibirin Babados ta je ɗaukar ma'aikata tun daga 1956.

To, amma ko da ya ke ƙofar Landan a buɗe ta ke, a ƙasashen da aka mallaka akwai wata ƙofa ta baya, wadda gwamna ke jefa mutum waje ta cikinta ba tare da shari'a ba. Seretse Khama, magajin sarautar Bamangwato a Becuwanaland, ya auri Baturiya a 1948. Gwamnatin Afirka ta Kudu, mai wariyar launi, ta nuna fushinta, sai Ingila ta kira shi Landan a 1950 ta hana shi zama a ƙasarsa. Bai koma ba sai 1956, bayan ya yarda ya bar sarauta. A watan Nuwamba na 1953 Gwamna Andrew Cohen ya sa aka ɗauke Kabaka Mutesa na Biyu, Sarkin Buganda, a jirgin sama zuwa Ingila, domin ya ƙi bin shirin gwamnati. Sai 1955 ya dawo. A 1956 aka kai Akbishop Makarios na tsibirin Kubrus can tsibiran Seshel. Ba ɗaya daga cikin mutanen nan uku da aka gurfanar gaban kotu aka same shi da laifi. Ku dubi ƙarshensu kuwa. Makarios ya zama shugaban Kubrus a 1960, Mutesa ya zama shugaban Yuganda a 1963, Seretse ya zama shugaban Botsuwana a 1966. Kora ba ta kashe maganar da suka tsaya a kai ba, sai ma ta ƙara musu farin jini wajen mutanensu.

A ƙetaren teku, a Amurka, abin ya zo da wani salo, gama can tsoron Kwaminisanci ne ya cika zukata. A 1952 Majalisar Amurka ta yi sabuwar dokar shige da fice, wadda ake kira da sunan McCarran da Walter. Shugaba Truman ya ƙi sa hannu, majalisa ta rinjaye shi da ƙuri'a. Dokar ta yi aiki biyu a lokaci guda. Na ɗaya, ta ƙarfafa ikon gwamnati na hana baƙo shiga, ko korarsa, saboda jam'iyyar da ya taɓa shiga. Na biyu, ta rage rabon kowane tsibirin Karibiyan da ke hannun Turawa zuwa mutum 100 kacal a shekara. Da aka rufe wannan hanya sai ayarin masu neman aiki ya karkata zuwa Ingila. 'Yan ƙasa kuwa, waɗanda ba dama a kore su, sai aka ɗaure su a gida ta hanyar karɓe fasfo. An karɓe na mawaƙin nan Paul Robeson a 1950, ba a mayar masa ba sai 1958, bayan Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a ba ma'aikatar harkokin waje ikon hana mutum fasfo saboda ra'ayinsa ba. Du Bois ma haka aka yi masa, har ya kasa zuwa bikin 'yancin Gana a 1957, alhali kuwa an gayyace shi. Daga baya ya yi ƙaura can, ya rasu a Akra a 1963.

Labarin wata mace, Claudia Jones, ya ishe mu misali, domin ita kaɗai ta sha dukan sandan nan a wurare uku. An haife ta a Tirinidad a 1915, aka kai ta birnin Niyok tana yarinya, can ta girma, can ta yi aikin jarida, ta shiga jam'iyyar Kwaminis. An ɗaure ta a 1955 saboda harkar jam'iyya, a ƙarshen shekarar kuma aka kore ta daga Amurka, bayan ta yi shekara 30 da ɗoriya a ƙasar. Gwamnatin mulkin mallaka ta Tirinidad, inda aka binne cibiyarta, ta ƙi karɓarta. Sai ta sauka Landan, ba ta da lafiya. A 1958 ta kafa jaridar West Indian Gazette domin baƙaƙen da ke Ingila. A ƙarshen bazarar shekarar nan samarin Turawa suka far wa baƙaƙe a Notingam da unguwar Notin Hil ta Landan, ita kuwa ta amsa musu da shirya bikin gargajiyar Karibiyan a watan Janairu na 1959. Sauran kwanakinta, har ta rasu a watan Disamba na 1964, ta ƙare su wajen yaƙi da dokar da ta rufe ƙofar Ingila.

Wannan doka ita ce ta 1962, wadda gwamnatin Macmillan ta kawo. Daga ran 1 ga Yuli, 1962, mutumin ƙasashe renon Ingila ba ya shiga neman aiki sai da takardar izni daga ma'aikatar ƙwadago. Takardun iri uku ne: ta wanda aka riga aka ba aiki, da ta mai sana'ar da ake bukata, da ta sauran jama'a, ita kuwa ta ukun nan a ƙidaye ake ba da ita. Ba inda dokar ta ambaci launin fata, amma ba a aiwatar da ita a kan masu shigowa daga Ailan ba, ko da ya ke ƙasarsu ta fita daga ƙungiyar tun 1949. Hugh Gaitskell, shugaban jam'iyyar Leba, ya tashi a majalisa ya ce dokar wariyar launi ce. A duba lokacin kuma. Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, Saliyo da Tanganyika a 1961, Jamaika da Tirinidad a watan Agusta na 1962, watau 'yan makonni bayan dokar ta fara aiki. Muddin daula na tsaye, zumunci na da amfani; da daula ta zube sai aka ga yawan dangi.

Jam'iyyar Leba, wadda ta la'anci dokar tana adawa, da ta hau mulki sai ta ƙara matse ta. A 1965 ta rage takardun izni zuwa 8,500 a shekara. A 1968, sa'ad da Indiyawan Kenya suka fara tahowa da fasfo na Ingila a hannunsu, domin sabuwar gwamnatin Kenya ta ƙuntata musu wajen aiki da ciniki, cikin kwana uku majalisa ta gama wata doka mai cewa fasfon bai isa ba, sai in mai shi, ko ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa, yana da asali a Ingila. Mutum ya wayi gari da takardar ƙasar da ba ta yarda ya shiga ba. A 1973 hukumar kare hakkin ɗan Adam ta Turai ta duba ƙarar waɗansu daga cikinsu, ta sami cewa an nuna musu bambancin launi. Darasi a nan shi ne, ikon da aka ƙirƙira ba ya komawa kube don an sake jam'iyya.

Yanzu sai mu dawo gida Afirka ta Yamma, inda abin ya shafi Hausawa kai tsaye. Gana ta sami 'yanci ran 6 ga Maris, 1957, a ƙarƙashin Nkrumah, mutumin da ya zauna a taron Mancesta, wanda kuma Turawa suka ɗaure a 1950. Ba a yi wata shida ba gwamnatinsa ta yi dokar kora. Cikin waɗanda ta fara faɗa wa akwai Bankole Timothy, ɗan jarida mutumin Saliyo, wanda ya soki gwamnati a rubuce, da manyan zangon Kumasi guda biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jagororin jam'iyyar Musulmi da ke tare da 'yan adawa. Alhazan nan biyu suka kai ƙara kotu, suka ce su 'yan Gana ne, ba a korarsu. Tun alƙali bai yanke hukunci ba, a watan Agusta na 1957, majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu, ta kashe shari'ar, aka turo su Nijeriya. A 1958 kuma dokar tsare mutum har shekara biyar ba shari'a ta biyo baya. Mai kula zai ga yadda ɗaya ta share wa ɗaya hanya: an gwada a kan wanda aka kira baƙo, da aka ga ta wuce sai aka juyo kan ɗan gida.

Dokta Busia yana cikin shugabannin adawa da suka yi kukan wannan kora. Da ya zama Firayim Minista, ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatinsa ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya fita. Mutum fiye da 100,000 suka bar Gana, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da sauransu, cikinsu har da waɗanda a zango aka haife su, ba su san wata ƙasa ba. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Nijeriya ta yi irin wannan umurni, mutanen Gana kimanin miliyan ɗaya suka kama hanya, alhali ƙasashen Afirka ta Yamma sun sa hannu a yarjejeniyar walwalar tafiye-tafiye tun 1979. Kafin wannan, a watan Janairu na 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar adawa, aka tsallakar da shi Cadi bisa zargin wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Shi dai ya sami abin da alhazan Kumasi suka rasa, gama babbar kotu a Maiduguri ta saurari ƙararsa, ta tabbatar ɗan ƙasa ne, ya dawo gida. Bambancin labaran nan biyu alƙali ne kurum: a ɗaya an bar shi ya yi aikinsa, a ɗaya an rufe masa baki.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce kowane maigida yana da ikon sanin wanda ya kwana a zaurensa, ƙasa kuwa gida ce. Za su ƙara da cewa zamanin nan zamanin gaba ne tsakanin Amurka da Rasha, akwai 'yan leƙen asiri na gaske, sabuwar ƙasa kuma kamar jariri ce, iska kaɗan na iya kada ta; a Kumasi ma an zub da jini a rikicin siyasa kafin 'yanci. Wannan duk gaskiya ne, ba mu musa ba. Ba mu ce a cire ƙyauren ƙofa ba, ba mu kuma goyon bayan aƙidar Kwaminis, wadda ƙasashenta suka fi kowa hana mutanensu fita. Amma in mutum ya yi leƙen asiri, ko ya tara makamai, ko ya zuga aka yi kisa, ai akwai dokar laifi, akwai kotu, akwai kurkuku. Gwamnatin da ke da shaida ba ta gudun alƙali. Wadda ta zaɓi jirgin sama da tsakar dare, ita da kanta ta nuna shaidarta ba ta da nauyi. Maigidan kirki yakan tambayi baƙo sunansa da abin da ya kawo shi tun a ƙofa. Abin da ba ya yi shi ne ya bar mutum ya gina ɗaki, ya haifi 'ya'ya, ya yi furfura a gidan, sa'an nan ran da suka saɓa a kan magana ya tuna ashe baƙo ne.

Akwai kuma wata illa ta musamman ga irin ƙasashenmu. Iyakokinmu Turawa suka shata su a kan taswira, suka raba Katsina da Maraɗi, suka raba Borno da Kanem. Fatauci zuwa Gwanja ya girmi Gana da Nijeriya duka biyu da ɗaruruwan shekaru. A wuri irin wannan, in aka ce za a tone asalin kowa har kakanni, ba gidan da za a rasa wanda ya fito daga ƙetaren layi. Ashe duk ɗan siyasar da ya dami mai mulki ana iya mai da shi baƙo da safe. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Nkrumah ya ƙare kwanakin mulkinsa da gudun hijira a Gini daga 1966, Busia kuma, da soja suka kifar da shi a 1972, a Ingila ya rasu.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi masu riƙe da alƙalami. Dokar Ingila ta 1971 ta yarda waɗanda suka riga suka zauna kafin 1973 su ci gaba da zama, amma ba ta ba su takardar shaida ba. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan saukar waɗanda suka zo tun da can. Da aka tsananta binciken takardu a shekarun da suka biyo, sai tsofaffi waɗanda suka shiga Ingila suna yara, suka yi aiki suka biya haraji shekara 40 ko 50, aka ce su kawo hujja. Waɗansu suka rasa aiki, waɗansu aka hana su magani, waɗansu aka tsare su, waɗansu ma aka kore su. Da abin ya fito fili a 2018, ministar cikin gida, Amber Rudd, ta sauka daga muƙaminta. Babban zalunci ya tashi daga fayil da aka yar.

Saboda haka muna kira ga akawuna. Rajistar haihuwa, da rasit na haraji, da littafin kotu, da takardar shaidar asali, waɗannan da ku ke gani kamar tarin ƙura ne, wata rana su ne za su tsaya tsakanin talaka da mai son korarsa. Ku rubuta gaskiya, ku adana, kada ku sauya suna ko garin haihuwa domin wani babba ya yi muku ido. Ku kuma malaman makaranta, in kuna koya wa yara labarin 'yanci, kada ku tsaya a ranar da aka sauke tuta aka ɗaga wata. Ku gaya musu dokokin da aka gada, da wanda aka fara gwada su a kansa. Yaron da ya san labarin alhazan Kumasi da na Shugaba Darman, in ya girma ya zama ɗan majalisa, zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu a ba minista ikon da ba kotun da za ta bincika.

Amfanin mulkin kai shi ne mutum ya faɗi ra'ayinsa da rana, ya kwana a ɗakinsa da dare, in kuwa ana tuhumarsa a kai shi gaban alƙali. Allah ya ba shugabanninmu haƙurin jin maganar da ba su so, ya sa mu riƙe baƙo da amana.